Heluma

A garin Matamaye, cikin ƙasar Damagaram, an yi wani tsoho wanda kowa yake kira Heluma. Ba shi ne sunan da liman ya raɗa masa ba ranar suna. Amma sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. A kasuwa Heluma, a masallaci Heluma, a gona Heluma. Yara sun tashi sun ji ana faɗi, su ma suna faɗi. Ba wanda ya damu ya tambayi ma'anarsa.

Abin da ke tafe ya faru shekaru kaɗan bayan babban farin nan na 1973 da 1974. A lokacin tsohon yana da jika namiji a lakwal. Yaron yana da ƙoƙari, ya iya lissafi, kuma muryarsa tana da ƙarfi. Saboda haka Mushe ya naɗa shi shef na aji. Shi ke raba wa yara aikin shara. Shi ke cewa wane ya goge allo, wane ya ɗebo ruwa. In Mushe zai fita, sai ya ba shi alli, ya ce ya rubuta sunan duk wanda ya yi surutu.

Da farko yaron yana yin aikinsa da gaskiya. Daga baya sai ya gane wani abu. Yaran da aka rubuta sunansu suna tsoron horon Mushe. Wani sai ya miƙo masa guntun rake ta ƙarƙashin tebur. Wani ya ba shi ƙuli-ƙuli, wani dabino. Shi kuma sai ya sa hannu ya goge sunan. Kafin a yi wata biyu, aljihunsa ba ya rabuwa da abin taunawa.

Wata rana ya rubuta sunaye biyar. Huɗu suka ba shi abin da suka saba. Na biyar ba shi da kome. Yaro ne na gidan wani tsoho mai doro, can ƙarshen unguwa. Da Mushe ya komo, sunansa kaɗai ya tarar a allo. Aka sa shi durƙuso har aka buga ƙarfen shan iska.

A tsakar lakwal yaron ya tare shef, idonsa jawur. Bai zage shi ba, bai kai masa hannu ba. Ya ce: "Ai ba laifinka ba ne, gado ne. Jikan Heluma me zai zama in ba heluma ba? Je ka tambayi kakanka abin da ya yi wa kakana a Kano."

Yara suka bushe da dariya. Shef ya rasa ta cewa. Shi dai ya san Heluma sunan kakansa ne. Yau ga shi an jefe shi da sunan kamar zagi.

Da aka koma aji sai ya ɗaga hannu, ya ce: "Mushe, mene ne heluma? Hausa ce ko Turanci?"

Mushe ya ce: "Ka yi tambaya mai kyau. Wa ya sani a cikinku?"

Wata yarinya ta ce mai kuɗi ne. Wani yaro ya ce soja ne. Wani kuma ya ce mugun mutum ne mai dūkan leburori. Mushe ya yi murmushi. Shi ya koyi Ingilishi a kwaleji, can Damagaram. Ya ɗauki alli ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe: headman.

Ya ce: "Wannan ba Turancin Faransa ba ne, wanda muke koyo a nan. Ingilishi ne, Turancin da ake yi a Najeriya. Kalma biyu ce aka haɗa. Ta farko, hed, ita ce kai. Ta biyu, man, ita ce mutum. Ke nan mutumin da yake kai, wato na kan gaba. A bakin Ingilishi ana kiran mai gari da wannan suna. Ana kuma kiran shugaban leburori da shi. Da kalmar ta shigo Hausa sai ta bar ma'ana guda a hanya. Bahaushe yana da mai gari da dagaci tun da daɗewa, ba ya bukatar aro. Abin da bai sani ba shi ne wannan sabon shugaba na wurin aikin Nasara. Shi ya sa heluma a Hausa shugaban leburori ne kawai."

Wani yaro ya ce: "Mushe, to ƙaƙa hedman ya zama heluma?"

Mushe ya ce: "Ku faɗi hedman sau biyar da sauri." Yara suka yi ta faɗi, harshe yana sarƙewa. Ya ce: "Kun ji ko? Harshen Bahaushe ba ya son d da m su haɗu ba wasali a tsakaninsu. Sai ya sassauta d ta zama l, ya sa u a tsakani. Yawancin kalmomin Hausa kuma da wasali suke ƙarewa, sai ya yar da n ta ƙarshe. Haka aka sami heluma. Baƙo in ya zo gari, sai ya sa tufafin mutanen gari."

Sa'an nan ya jera musu waɗansu kalmomi a allo. Lebura, mai aikin ƙarfi. Birkila, mai gini da bulo. Kafinta, mai aikin katako. Masinja, ɗan aike. Tankifa, mai rubuta lokacin da ma'aikaci ya zo da lokacin da ya tashi. Ya ce duk daga Ingilishi suka fito, kuma duk ta hanyar wurin aiki suka shigo. Ya ƙara musu da foman, wadda ita ma ta Ingilishi ce. Ma'anarta mutumin gaba. Foman yakan san sana'a, kamar gini ko gyaran inji, kuma ya fi heluma girma. Heluma kuwa daga cikin leburori ake ɗauko shi.

Ya ce: "Mu a Nijar Faransawa suka mulke mu. Daga wurinsu muka aro lakwal da mushe da kumandan da gardi, har da shef. Amma Matamaye tana bakin iyaka. Daga nan zuwa Ɗan Barto tafiyar ɗan lokaci ce, sai Daura, sai Kazaure, sai Kano. Iyayenku sun fi zuwa Kano bisa ga Yamai. Shi ya sa a garin nan ake jin kalmomin aro iri biyu, na Faransanci da na Ingilishi."

Shef ya sake ɗaga hannu, ya ce: "Mushe, to zagi ne ko yabo?"

Mushe ya dube shi, ya ce: "Wannan ba ta cikin littafi. Wanda ya yi aikin shi zai faɗa maka."

Da dare, bayan sallar lisha, tsohon yana zaune bisa buzu a zaure. Jikan ya zo ya zauna kusa da shi, bai ce kome ba. Tsohon ya ce: "Abokina, yau ina tsiyar taka? Ko Mushe ya tuɓe ka daga sarauta?"

Yaron ya ce: "Kaka, me ka yi wa tsohon nan mai doro a Kano?"

Tsohon ya yi shiru, ya daɗe yana jan tasbaha. Can ya ce: "Wa ya faɗa maka?"

"Jikansa."

"To, ba ƙarya ya yi ba. Gyara zama ka ji."

Ya fara tun daga farko. Ya ce sa'ad da yake saurayi akwai aikin dole a ƙasar nan. Kumandan ya ce yana son mutum kaza, mai gari ya tara su, gardi ya kora su gyaran hanya, ba biya. Shi ma ya ɗauki kwandon tsakuwa a kansa. A shekara ta 1946 aka kashe aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulki. Amma ba a kashe haraji ba. Saboda haka da an gama girbi sai samari su tafi cin rani, su nemo kuɗin haraji da na aure.

Shi da abokinsa suka tafi tare. Unguwarsu ɗaya, tare aka yi musu kaciya. Suka bi ayarin raƙuma da jakuna masu kai gyaɗa kudu. A wancan zamani gyaɗar Matamaye da ta Kance da ta Magarya ta Kano take bi. Dalili kuwa shi ne jirgin ƙasa. Tun 1911 dogo ya iso Kano, kuma daga can ake ɗaukar gyaɗa zuwa bakin teku a Ikko, a zuba ta cikin jirgin ruwa zuwa Turai.

Tsohon ya ce: "Gyaɗa ta yi yawa, jirgi ya kasa kwashe ta. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, ana ɗora wani bisa wani, har su yi tsini kamar dutse. Ita ce dalar gyaɗa da kake ji. Ba inji ya gina ta ba. Kawunanmu suka gina ta. Buhu 13 ke cika tan guda, ka ga kowane buhu ya fi ka nauyi sau biyu. Mutum zai ɗora shi a ka, ya taka buhunan ƙasa kamar matakala, ya hau da shi har sama."

Suka sami aiki a wani kamfani kusa da tashar jirgi. Rani uku suna dako. A rani na huɗu akawun kamfanin ya lura da shi. Ya ga ya iya ƙirga, yana da murya, ya kuma tsinci ɗan Ingilishi. Sai aka ce shi ne heluma. Aka sa mutum ashirin a ƙarƙashinsa, har da abokinsa.

Yaron ya ce: "Me heluma yake yi?"

Tsohon ya ce: "Da asuba shi ke tsayawa a ƙofa. Mutum ɗari suna son aiki, ashirin ake bukata. Wanda ya nuna da yatsa ya shiga, wanda bai nuna ba ya koma da yunwarsa. Shi ke raba aiki. Shi ke ƙirga buhun da kowa ya ɗauka, ya faɗa wa akawu. Shi ke ba da waƙa don ƙafa ta zo ɗaya. Nasara ba ya magana da lebura. Nasara ya faɗa wa akawu, akawu ya faɗa wa heluma, heluma ya faɗa wa mutane. In aiki ya yi baya, heluma ake zagi daga sama. In kuɗi ya yi kaɗan, heluma ake zagi daga ƙasa."

Ya ce a ƙasar Hausa akwai shugabannin aiki tun kafin zuwan Nasara. Akwai sarkin noma, da sarkin maƙera, da sarkin magina, da madugu uban tafiya. Waɗannan mutanensu sun san su, sun san iyayensu, kuma tare za su zauna har mutuwa. In sarkin maƙera ya cuci maƙera, ina za shi? Heluma kuwa kamfani ya naɗa shi, kamfani ke tuɓe shi. Idonsa yana sama, wajen wanda ya ba shi wurin. Abin da ke ɓata yawancinsu ke nan.

"Ranar biya," in ji tsohon, "kowane lebura yakan kawo wa heluma ɗan wani abu. Wani kwabo uku, wani sisi. Ba doka ba ce. Amma kowa ya san wanda bai kawo ba, mako mai zuwa yatsa ba za ta nuna shi ba. Na tarar ana yi. Ni ma na karɓa. Na ce wa kaina ai kyauta ce."

Yaron ya sa hannu cikin aljihunsa. Akwai sauran ƙuli-ƙuli biyu a ciki. Ya fitar da hannun da sauri.

Tsohon ya ci gaba. Wata rana aka ce jirgi zai zo da wuri, a gama lodi kafin azahar. Yana tsaye yana tsawa, yana cewa a yi sauri. Abokinsa ya ce masa wani buhu ya goce a gefen dalar, a tsaya a gyara. Ya ce ba lokaci. Abokin ya hau da kaya a kansa. Buhun ya zame, mutum ya faɗo, kayan suka bi shi suka danne masa baya.

"Kwana uku yana kwance a masaukinmu. Akawu ya kira ni, ya ce mutumin nan naka ba ya zuwa, a cire sunansa. Da na buɗe baki na ce a wurin aiki ya ji ciwo, kuma ya yi mini kashedi ban ji ba, watakila da an kai shi asibiti, da an ba shi wani abu. Amma in na faɗi haka, laifi ya hau kaina. Na ji tsoro a karɓe mini wurina. Sai na ce to. Akawu ya ja layi bisa sunansa, a gabana."

Da abokin ya iya tashi, sai mutanen garinsu suka haɗa masa kuɗin mota zuwa Daura. Daga can aka ɗora shi bisa jaki har gida. Bayansa bai sake miƙewa ba.

Tsohon ya ce: "Na ƙara rani biyu a Kano. Ban sake karɓar kwabon kowa ba. In mutum ya ji ciwo, sai in raba buhunansa ga sauran, ni ma in ɗauki nawa kashi, a rubuta masa kwanansa cikakke. Da akawu ya gane, sai aka sallame ni. Wurin da na sayar da abokina dominsa, ga shi ya tafi. Na komo gida da keke da bargo da wannan suna."

Yaron ya ce: "Wa ya sa maka sunan?"

"Shi. Ranar da na iso, yana zaune a ƙofar gidansu. Ya dube ni ya ce: sannu da zuwa, Heluma. Mutane suka ɗauka girmamawa ce, suka kama. Ni da shi kaɗai muka san abin da yake nufi. Ban taɓa hana kowa kirana da shi ba. Ka taɓa lura da gonar da nake fara nomewa kowace damina?"

Yaron ya tuna. Kowace shekara, da ruwan shuka ya sauka, kakansa yakan ɗauki hauya ya nufi wata gona da ba tasu ba. Sai ya gama da ita yake komowa tasu. Har a shekarun fari, da hatsi ya yi wuya, ya ga ana auna tiya daga rumbunsu ana kaiwa ƙarshen unguwa. Bai taɓa tambaya ba.

"Ya yafe maka?"

"Ranar da muka cika shekara goma da komowa ya ce ya yafe. Amma yafewa ba ta miƙe baya. Shi ya yafe, jikansa bai yafe ba, kuma ban ga laifin yaron ba." Tsohon ya juyo ya dubi jikansa. "Kai kuma fa, abokina? Me ka yi masa har ya tono wannan magana?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya fito da ƙuli-ƙulin nan biyu, ya ajiye bisa buzu. Tsohon ya dube su, bai yi faɗa ba. Ya ce: "Nawa ma da kwabo uku ya fara."

Washegari yaron ya riga kowa zuwa lakwal. Ya sami Mushe yana buɗe aji. Ya faɗa masa kome, tun daga guntun rake na farko. Ya miƙa masa alli, ya ce a ba wani. Mushe ya karɓi allin. Da yara suka taru, ya sa shef ya maimaita maganarsa a gabansu. Ya sa shi durƙuso daidai lokacin da wancan yaron ya yi jiya. Yaran nan huɗu da suka sayi sunansu su ma suka durƙusa tare da shi.

Da aka buga ƙarfe sai Mushe ya ce: "Jiya an tambaye ni ko heluma zagi ne ko yabo. Yau kun ga amsa da idonku. Daga yanzu ba ni zan naɗa shef ba. Ku za ku zaɓa, kowane wata. Wanda ya cuce ku, ku sauke shi."

Aka ɗaga hannu. Jikan tsoho mai doro ya fi kowa samun hannuwa. Cikin waɗanda suka ɗaga masa har da jikan Heluma. Da aka tashi, suka bi hanya ɗaya zuwa unguwa. Ba su yi magana ba sai da suka kai bakin kasuwa. Nan sabon shef ya tsaya, ya ce: "Gobe kai ne da goge allo." Ɗayan ya ce: "To."

Yau babu dalar gyaɗa a Kano. Fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan ciniki, a Nijar da Najeriya duka. Tsofaffin nan biyu sun daɗe da rasuwa. Kalmar heluma ma ta fara tsufa. Samarin Matamaye da ke zuwa aikin gini a Kano ko Abuja sun fi cewa foman ko oga. Waɗanda ke zuwa Yamai ko Arlit suna cewa shef. Amma a kowane wurin aiki har yanzu akwai mutum guda da ke tsayawa a ƙofa da safe, yana nuna wanda zai shiga.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe kalmar heluma ta fito? Mece ce ma'anarta ta asali?
2. Wace ma'ana ce kalmar ta bari a hanya sa'ad da ta shigo Hausa? Don me?
3. Mene ne bambanci tsakanin heluma da sarkin maƙera?
4. Me ya sa tsohon bai hana mutane kiransa Heluma ba?
5. Me ya sa Mushe ya bar wa yara zaɓen shef?

Aiki

Ku tambayi iyayenku kalmomi biyar na wurin aiki waɗanda Hausa ta aro daga Ingilishi, da biyar waɗanda ta aro daga Faransanci. Ku rubuta su a jeri biyu, ku kawo aji.